Kirarin Jikin Kwalba Ba Shi Ne Magani Ba

Jawabin wayar da kai ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci

A taron wata-wata na ɗaliban yaƙi da jahilci, an gayyato wani jami'in harhaɗa magunguna daga babban asibitin ƙaramar hukuma. An yi taron a harabar makarantar firamare bayan sallar la'asar. Maza sun zauna gefe guda, mata gefe guda. Dagaci da masu unguwanni da limamin gari duk sun halarta. Jami'in ya zo da kwali cike da kwalabe da fakiti-fakiti, ya jera su a kan tebur. Ga yadda jawabinsa ya kasance.

Motar Lasifika

Bayan ya yi sallama ya gai da manya, jami'in ya ɗaga wata kwalba sama. Ya ce kowa ya san motar nan mai lasifika da ke tsayawa a bakin kasuwa. Mai magani yakan hau bayanta ya yi ta kirari. Kwalba ɗaya tak, amma wai tana maganin basir, da shawara, da taifot, da ciwon suga, da hawan jini, da sanyin mata, da raunin maza. Wani ma har da farin jini.

Ya tambaya, "Jama'a, wa ya taɓa sayen irin wannan?" Da farko wuri ya yi tsit. Can sai aka fashe da dariya, hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Jami'in ya ce wannan ba abin kunya ba ne. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya kuma ce bai zo don ya kushe maganin gargajiya ba. Magunguna da yawa na asibiti daga itatuwa aka samo su. Kwinin daga ɓawon itace aka fitar da shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yanzu a asibiti, asalinsa wani tsiro ne na ƙasar Sin, dangin tazargade. Amma kafin a ba mutane su, sai da aka gwada su aka san aikinsu, aka kuma san adadin da ya kamata a sha.

Ya ce abin da ya kawo shi shi ne rubutun da ke jikin kwalba. Akwai doka a kan abin da mai kaya zai rubuta a wurin. Wanda ya koyi karatu yana iya kare kansa da iyalinsa idan ya san wannan doka.

Taki Daban, Feshi Daban

Jami'in ya raba kwalaben kashi biyu. Ya ce kashi na farko magunguna ne na warkar da cuta. Kashi na biyu kuwa su ne ake kira kayan ƙarin gina jiki. Wasu ƙwayoyi ne, wasu ruwa, wasu gari, wasu kamar ganyen shayi. A cikinsu akan sa bitamin, ko sinadarin ƙarin jini, ko na ƙarfin ƙashi. Wasu kuma daga tsirrai ake yin su, kamar zogale da tafarnuwa da citta da habbatus sauda.

Aikin waɗannan kaya shi ne cike giɓin abin da jiki bai samu a abinci ba. Ya ba da misali da gona. Kowane manomi ya san bambancin taki da maganin feshi. Idan ƙasa ta gaji, taki ake ba ta. Amma idan tsutsa ta faɗa wa wake, ko buhu goma na taki aka zuba ba za ta mutu ba, sai an yi feshi.

"To haka abin yake a jikin mutum," in ji shi. "Kayan ƙarin gina jiki kamar taki ne. Duk wanda ya sayar maka da taki ya ce maka feshi ne, ya cuce ka sau biyu. Ya karɓe kuɗinka, ya kuma bar ka da tsutsa a gona."

Hukumar Da Ke Sa Ido

Daga nan ya yi bayanin hukumar da aka ɗora wa wannan aiki a Nijeriya. Sunanta Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAFDAC. Ya rubuta haruffan shida a kan allo, ya sa ɗalibai suka karanta tare.

Ya ce a shekarar 1990 yara fiye da ɗari sun rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan maganin farasitamol da guba ta shiga cikinsa. Irin wannan musiba tana cikin abubuwan da suka nuna ana bukatar hukuma mai ƙarfi. A shekarar 1993 aka kafa NAFDAC da doka mai lamba 15. Daga 2001 zuwa 2008, lokacin da marigayiya Farfesa Dora Akunyili ke shugabancin hukumar, aka yi gagarumin yaƙi da jabun magunguna. A lokacin ne mutane da yawa suka koyi tambayar lambar NAFDAC kafin su sayi kaya.

Hukumar ce ke yi wa abinci na gwangwani da leda, da ruwan sha, da magunguna, da kayan shafe-shafe rajista. Ita ce kuma ke duba abin da aka rubuta a jikin kaya. Ko tallar da za a yi wa irin waɗannan kaya a rediyo ko talabijin ko jarida, sai an kai mata ta amince tukuna.

Kirari Iri Uku

Jami'in ya ce maganar da ake rubutawa a jikin kwalba iri uku ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko, faɗin abin da ke ciki. Misali a ce, "Wannan yana ɗauke da bitamin C." Wannan magana ce mai sauƙin tabbatarwa. Za a kai ɗakin gwaji a auna, a ga ko akwai shi, ko kuma ya kai adadin da aka rubuta.

Na biyu, faɗin abin da sinadarin ke yi a jikin mai lafiya. Misali a ce, "Kalsiyam yana taimaka wa ƙashi da haƙori." Wannan ma sai da hujja ta ilimi.

Na uku, a ce kayan yana warkar da wata cuta ko yana hana kamuwa da ita. Wannan ita ce magana mafi nauyi. Duk abin da aka ce yana warkar da cuta ya zama magani, kuma dole a gwada shi kamar yadda ake gwada magani. Ana gwajin a matakai. Akan fara da dabbobi, sa'an nan mutane kaɗan, sa'an nan mutane masu yawa. Akan raba marasa lafiya kashi biyu, a ba wasu maganin, wasu a ba su wani abu daban, a ga su wa suka fi samun sauƙi. Likitoci ne ke sa ido, ana rubuta komai.

Ya ƙara da cewa tun shekarar 1974 akwai Dokar Abinci da Magunguna a Nijeriya. Dokar ta jera wasu cututtuka, ta hana a tallata wa jama'a wani abinci ko magani da sunan yana warkar da su ko yana riga-kafinsu. A cikin jerin akwai ciwon daji, da ciwon suga, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon ƙoda, da farfaɗiya, da asma, da tarin fuka, da raunin maza. Dalili shi ne waɗannan cututtuka ne da sai likita ya duba mutum ya auna shi. Ba a yi musu magani da jin talla.

"Saboda haka," in ji shi, "duk sa'ad da kuka ji lasifika tana cewa ga kwalbar da ke raba mutum da ciwon suga har abada, ku sani tun a nan an taka doka."

Ma'anar Harafin L

Jami'in ya ce yanzu ya zo kan babbar maganar, ya roƙi kowa ya kasa kunne. Ya ce sau da yawa mai talla yakan ɗaga kwalba ya nuna lamba ya ce, "Ga shaidar gwamnati, NAFDAC ta tabbatar yana warkarwa." Mutane sai su saki jiki.

Ya yi bayanin cewa amincewar da hukumar ke ba magungunan tsirrai iri biyu ce. Ta farko ita ce sa kaya a cikin jeri na ɗan lokaci. Hukumar za ta duba wurin da ake haɗa kayan, ta ɗauki samfur ta gwada ko yana da guba ko ƙazanta. Idan ba a sami illa ba, sai a ba shi lamba mai harafin L a ƙarshe. Wannan izini na shekara biyu ne, sai an sabunta. Ta biyu ita ce cikakkiyar rajista ta shekara biyar. Ba a ba da ita sai an gwada maganin a kan marasa lafiya an ga lalle yana aikin da aka ce yana yi.

Ya rubuta babban harafin L a kan allo. Ya ce akasarin magungunan tsirrai masu lamba da ke kasuwa, irin wannan lambar ce da su. Ya kwatanta abin da rijiya. Idan malamin tsabta ya duba rijiya ya ce ruwanta ba shi da guba, ya ce ne ana iya sha. Bai ce ruwan yana warkar da ciwo ba.

Saboda wannan ne hukumar ta wajabta wa masu irin wannan lamba su rubuta wani gargaɗi a jikin kwalba. Da Turanci ake rubuta shi, kuma yawanci da ƙananan haruffa. Ya rubuta shi a allo kamar haka: These claims have not been evaluated by NAFDAC. Ma'anarsa ita ce, "NAFDAC ba ta tantance waɗannan da'awoyi ba." Wato duk kirarin da ke jikin kwalbar maganar mai kaya ce, hukuma ba ta tsaya masa shaida ba.

Ya miƙa kwalabe uku aka zagaya da su. Ɗalibai suka yi ta nema da yatsa. Wata mata ce ta fara gano jimlar a ƙasan kwalba, ta ɗaga murya ta ce ga ta nan. Aka tafa mata.

Jami'in ya ce akwai wata dabara kuma. Wani zai karɓi lamba don ciwo ɗaya, in ya fita kasuwa ya ƙara goma. A shekarar 2023 hukumar ta ɗauki mataki a kan wani sanannen maganin kwalba da ake haɗawa a arewacin ƙasar nan. An ba shi lamba ne don basir, amma aka riƙa tallarsa don wasu cututtuka daban, irin su taifot da gyambon ciki. Lambar da aka bayar don abu ɗaya ba ta rufe sauran ba.

Kwalaben Ƙasashen Waje

Sai ya ɗauko wata kwalba mai ƙyalli daga tebur. Ya ce irin wannan ana samunta a kemis-kemis na birni, wasu kuma 'yan'uwa ne ke aiko da ita daga waje. Mutane suna ganin tun da daga Amurka ta fito, lalle an gama tantance ta. Ya ce ba haka abin yake ba.

A Amurka an yi doka a kan kayan ƙarin gina jiki a shekarar 1994. A ƙarƙashin dokar, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ba ta tantance waɗannan kaya kafin su shiga kasuwa kamar yadda take yi wa magunguna. Kamfani yana iya rubuta cewa kayansa suna taimaka wa ƙashi ko narkewar abinci. Amma dole ya rubuta gargaɗi cewa FDA ba ta tantance maganar ba, kuma ba a yi kayan don gano cuta, ko yi mata magani, ko warkar da ita, ko hana ta ba. Ya nuna musu gargaɗin a cikin ɗan akwati a bayan kwalbar.

Ya ce a can ma an ga illa. An daɗe ana sayar da kayan rage ƙiba da ƙara kuzari masu ɗauke da wani tsiro mai suna efedira. Mutane sun kamu da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, wasu sun mutu. A shekarar 2004 aka hana sayar da su.

A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, an yi doka a 2006 cewa ba za a rubuta da'awar lafiya a jikin abinci ba sai masana sun duba hujjarta. Ƙasashen suka tattaro da'awoyi fiye da 44,000. Aka haɗa masu kama da juna, aka ajiye na tsirrai da yawa gefe, aka tace sauran. A shekarar 2012 da aka fitar da jerin farko, 222 ne kawai aka amince da su.

"Kun ga ke nan," in ji shi, "faɗa da baki ba wuya. Kawo hujja shi ne aiki."

Haɗari Guda Uku

Jami'in ya ce wani zai iya cewa, in abin bai yi amfani ba ai bai cutar ba. Ya ce akwai haɗari guda uku.

Na farko kuma mafi muni shi ne mutum ya bar maganin asibiti. Ya ba da labarin wani magidanci mai ciwon suga da ya daɗe yana zuwa asibiti, yana shan maganinsa, yana noma lafiya lau. Sai ya ji tallar wani shayi da aka ce yana kashe ciwon suga cikin kwana arba'in. Ya sayar da akuya biyu ya saya, ya ajiye ƙwayoyin asibiti. Bayan 'yan watanni ƙaya ta soke shi a ƙafa, miki ya ƙi warkewa. Da aka kawo shi asibiti ƙafar ta riga ta lalace, sai da aka yanke ta. A bana ɗansa ne ke yi masa noma, shi yana zaune a zaure.

Wuri ya yi shiru. Jami'in ya ce ciwon suga da hawan jini ana zama da su shekaru masu yawa idan ana shan magani, ana kiyaye abinci, ana zuwa awo. Hawan jini ma sau da yawa ba ya nuna alama. Mutum zai ji garau, alhali jinin yana sama, sai dai kwatsam ya faɗi.

Na biyu shi ne maganin da aka ɓoye a ciki. Wasu marasa tsoron Allah sukan niƙa ƙwayar asibiti su zuba a cikin garin itace, su ce zallar gargajiya ne. Hukumomi a ƙasashe da dama sun sha gano ƙwayar ƙarfin maza ta asibiti a cikin irin waɗannan haɗe-haɗe. Idan mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna ya sha ta, jininsa na iya faɗuwa ƙasa nan take. Haka kuma a cikin wasu kayan ƙara ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da na ciwon gaɓɓai, akan sami wata ƙwaya mai suna dekzametason. Tana kumbura fuska, mutum ya zaci ƙiba ce. Tana tayar da suga da hawan jini, tana raunana ƙashi. Ya ja kunnen wanda ya daɗe yana shan irinta kada ya daina lokaci ɗaya da kansa. Ya je asibiti a rage masa a hankali.

Na uku shi ne asarar dukiya. Kuɗin kwalba ɗaya kan isa a sayi wake da ƙwai da kifi da manja na kwanaki. Wannan abinci zai fi gina jikin yara da mai ciki.

Waɗanda Ke Da Amfani

Ya ce kada a fahimce shi a baibai. Akwai kayan ƙarin gina jiki da aka gwada aka tabbatar da amfaninsu, kuma asibiti da kanta ke ba da su.

Akwai ƙwayar ƙarin jini da folik asid da ake ba mata masu ciki a wurin awo. Tana kare uwa daga ƙarancin jini, tana taimaka wa jariri. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Sai dai a ajiye ta nesa da yara, domin idan yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.

Akwai bitamin A da ake ɗiga wa yara a baki daga wata shida zuwa shekara biyar, sau ɗaya duk wata shida. Yana kare ido daga dundumi, yana ƙara wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Amma mai ciki kada ta sha mai yawa da kanta, don yana iya cutar da abin da ke cikinta.

Akwai ƙwayar zinki da ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da suga, kwana goma zuwa sha huɗu.

Akwai kuma gishiri mai sinadarin aidin, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo. Tun 1993 aka wajabta sa shi a gishiri a Nijeriya. Daga 2002 kuma aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da suga da man girki na kamfani. Alamarsu ita ce hoton ido mai harafin A a ciki.

Ya ce a lura da abu guda. Kowane ɗaya daga waɗannan aikinsa sananne ne, an san wanda ake ba, an san adadi. Babu wanda aka ce yana maganin komai da komai.

Abubuwa Bakwai Da Za A Duba

Jami'in ya sa malamin aji ya rubuta waɗannan a allo, ɗalibai suka kwafa a littattafansu.

1. Sunan kayan da abubuwan da aka haɗa shi da su.
2. Sunan wanda ya yi shi da cikakken adireshinsa. Lambar waya kaɗai ba ta isa ba.
3. Lambar NAFDAC. A duba ko akwai harafin L a ƙarshe.
4. Gargaɗin nan na ƙananan haruffa.
5. Ranar da aka yi shi, wadda akan rubuta MFG ko MFD a gabanta, da ranar lalacewa, wadda akan rubuta EXP. Idan an rubuta EXP 08/2027, ana nufin ba a sha bayan watan takwas na shekarar 2027.
6. Yadda ake sha, da waɗanda aka hana su sha, kamar masu ciki da masu shayarwa da yara.
7. Yawan cututtukan da aka jera. Idan sun yi yawa, ko aka ce babu illa ko kaɗan, ko aka ce a bar maganin asibiti, to a mayar wa mai kaya kayansa.

Ya ƙara da cewa abin da aka ƙulla a leda ko aka ɗura a tsohuwar robar ruwa ba tare da rubutu ba, ba wanda ya san abin da ke ciki sai wanda ya haɗa. Sayensa cinikin biri a sama ne.

Tambayoyin Jama'a

Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Likita, in hukuma ba ta tabbatar abu yana warkarwa ba, don me ta ba shi lamba?"

Jami'in ya ce, "Baba, tambayarka ta yi. Gwajin magani a kan marasa lafiya yana cin shekaru da kuɗi masu yawa, kuma yawancin masu maganinmu ba su da wannan hali. Da a bar su ba mai dubawa, gara a duba tsabtar wurinsu, a gwada ko akwai guba, a san inda za a same su in wani abu ya faru. Amfanin lambar ke nan. Shi ya sa aka ce su rubuta gargaɗi, don mai saye ya san iyakarta."

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ni fa na sha na kuma ji sauƙi."

Ya ce, "Inna, Allah Ya ƙara sauƙi. Amma ciwo da yawa, kamar mura da gajiya, sukan tafi da kansu ko an sha ko ba a sha ba. Wani lokaci kuma ƙwayar kashe zafi ce aka ɓoye a ciki. In ciwon suga ne ko hawan jini, awo ne kaɗai zai faɗi gaskiya. Ki zo asibiti da kwalbar, a auna ki, a duba ta."

Wani saurayi ya ce yana ganin tallar irin waɗannan kaya a wayarsa, a Facebook da WhatsApp, har da mutane suna rantsuwa cewa sun warke. Jami'in ya ce dokar da ta hau kan lasifika ta hau kan waya. Mai talla yana nuna wanda ya ce ya warke, ba ya nuna wanda ya sha bai warke ba, balle wanda ya mutu. Ya ce lamba ma ana ƙirƙirar ta bogi. Wanda ke da shakka ya kai kwalbar ga jami'in magunguna na asibiti, ko ofishin NAFDAC da ke jiharsa, domin kowace jiha tana da ofishin hukumar.

Daga ƙarshe wani mai maganin gargajiya na garin ya ce shi ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, kuma ba ya ƙarya. Ya tambayi yadda zai yi. Jami'in ya ce, "Malam, ka je ofishin hukumar da kanka, kada ka bi ta hannun 'yan tsakiya. Za su gaya maka sharuɗɗa. In ka sami lamba, ka tsaya a kan abin da aka amince maka. In ka ga ciwo ya fi ƙarfinka, ka tura mutum asibiti da wuri. Wannan zai ƙara maka mutunci."

Rufe Taro

Jami'in ya rufe jawabinsa da cewa hukuma ba za ta iya tsayawa a kowace kasuwa ba. Wanda ya iya karatu a gida shi ne mai gadin gidan. Ya roƙi kowane ɗalibi, kafin a sha wani abu a gidansu, ya ɗauki kwalbar ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Idan Turanci ya gagara, a kai wa malamin aji ko ɗan makaranta. Matambayi ba ya ɓata.

Dagaci ya yi godiya, ya ce zai yi magana da sarkin kasuwa a kan masu tallar da ke cewa a bar maganin asibiti. Liman ya yi addu'a, aka tashi gab da magariba.

Aikin Aji

1. Rubuta haruffan sunan hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna.
2. Me harafin L yake nufi a ƙarshen lamba?
3. Faɗi cututtuka uku da doka ta hana a yi tallar maganinsu ga jama'a.
4. Kowa ya zo aji da kwalba ko fakiti ɗaya daga gida. A nemo abubuwa bakwai ɗin nan a jikinsa tare da malami.